Gwajin da ake yi a kan yaranmu ba a rubutawa

Shekarun baya na yi zaman jinyar ɗan ƙanwata a ɗakin yara na wani asibitin koyarwa. Kumburi ne ya fito masa a muƙamuƙi, muka ɗauka haƙori ne. Kafin sati uku fuskarsa ta karkace, haƙoran gefen duk sun yi laƙo-laƙo. Da aka ɗebi tsoka aka auna, likita ya ce ciwon daji ne, irin wanda ake kira Burkitt. A gadon da ke kusa da namu akwai wata yarinya mai irin wannan ciwon, sai dai nata a ciki yake. Mahaifinta manomi ne, sa ɗaya ya sayar cikin shanun huɗarsa ya kawo ta. Ranar da aka zo ɗaura mata ruwa karo na biyu, ya ga an jera magunguna, ga kuma allurar da za a yi mata a gadon baya, sai ya dubi ma'aikaciyar jinya ya ce, "Sista, ciwo ɗaya magani har uku? Ko dai ba ku gano shi ba ne kuke gwadawa a kanta?" Ta ce, "Baba, haka ake yi." Ba ta ƙara ba, don marasa lafiya sun yi mata yawa. Bayan kwana goma cikin yarinyar ya sace, ta fara cin abinci har tana neman ƙari. Uban ya yi hamdala, ya naɗe tabarmarsa, suka tafi da sauran zagaye huɗu na magani a gabanta. Ba su dawo ba, kuma babu wanda ya bi sawunsu.

Tambayar bawan Allahn nan ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Haɗa magani uku ko huɗu ga yaro mai ciwon daji ba lalube ba ne, yana cikin abubuwan da aka fi tantancewa a duk ilimin likitanci. Amma ta wata fuskar yana da gaskiyar da shi kansa bai sani ba. Ana gwaji a kan yaranmu kowace rana, gwajin da babu mai rubuta shi, babu mai duba sakamakonsa, babu kuma yaron da zai amfana da shi gobe. Ra'ayina shi ne wannan gwajin na ɓoye ya fi binciken da muke gudu haɗari, kuma lokaci ya yi da asibitocin Arewa za su shiga binciken ciwon dajin yara da idonsu a buɗe.

Sai an san yadda aka kai ga haɗa magungunan kafin a gane abin da nake nufi. Kafin 1947, yaron da aka samu da sankarar jini watanni kaɗan yake yi. A ƙarshen wannan shekarar wani likita a Boston ta Amurka, Sidney Farber, ya fara ba irin waɗannan yara wani magani mai suna aminofterin, wanda ke hana ƙwayoyin sankara sinadarin da suke buƙata don hayayyafa. A 1948 ya ba da rahoton yara 16, goma daga cikinsu sun sami sauƙi: jininsu ya gyaru, wasu har sun tashi suna wasa. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo, maganin kuma ya daina aiki. Aka samo wasu magungunan ɗaya bayan ɗaya. Gertrude Elion da George Hitchings suka haɗa markaftofiyurin a farkon shekarun 1950. Aka fitar da binkiristin daga wani ɗan fure mai asali daga Madagaska, wanda ake shukawa don ado a ƙofar gidaje har a garuruwanmu. Kowanne labarinsa ɗaya: ciwo ya lafa, iyaye su yi murna, ciwo ya dawo.

Dalilin kuwa lissafi ne. Lokacin da aka gano ciwon, ƙwayoyin sankara a jikin yaro sun kai biliyoyi. A cikin wannan taron ba za a rasa 'yan kaɗan da maganin farko ba ya ci ba. Magani ya kashe sauran, waɗannan 'yan kaɗan su hayayyafa su cika ɓargo, kuma dukansu sun gaji taurin kan iyayensu. Masu maganin tarin fuka sun riga sun ga haka tun ƙarshen shekarun 1940, suka gane cewa magani ɗaya ba ya isa, sai an haɗa. Ƙwayar da ta tsallake magani ɗaya da wuya ta tsallake huɗu a lokaci guda. Akwai kuma wata hikima ta biyu: kowane magani da inda yake yi wa jiki ɓarna. Binkiristin jijiyoyi yake taɓawa, metotireksat ya fi sa gyambon baki, markaftofiyurin ya danne ɓargo, firednison ya kumbura fuska ya buɗe ciki. Tunda ɓarnar ba wuri ɗaya take taruwa ba, ana iya ba da kowanne da ƙarfinsa, su taru a kan ciwon, su rarrabu a kan jiki.

Wasu likitoci biyu a Cibiyar Ciwon Daji ta Amurka da ke Bethesda, Emil Frei da Emil Freireich, su ne suka yi ƙarfin halin haɗa waɗannan huɗun a farkon shekarun 1960. Manyan likitoci da dama sun yi musu ca, suna ganin zalunci ne a ɗura wa yaro guba huɗu alhali ɗaya ma tana kwantar da shi. Ba na ganin laifin masu wannan adawa, don yaran sun sha wuya ƙwarai, wasu sai da aka yi ta yi musu ƙarin jini kafin ɓargonsu ya farfaɗo. Amma ciwon ya ɓace a jinin da yawa daga cikinsu. Sai kuma wani baƙin ciki ya biyo baya: yaran suka riƙa dawowa da ciwon kai da farfaɗiya. Ashe ƙwayoyin sankara sun ɓuya a ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, inda maganin da aka sa a jini ba ya isa sosai. Wannan allurar gadon baya da ta tsorata mahaifin yarinyar nan, daga mutuwar waɗancan yaran aka koyo ta. Donald Pinkel, a asibitin St. Jude da aka buɗe a Memphis a 1962, shi ne ya tsara magani a matakai: a fara da haɗi mai ƙarfi, a bi ciwon har ƙwaƙwalwa, sannan a ci gaba da magani shekara biyu zuwa uku ko da yaro ya yi kama da wanda ya warke sarai. A gwajin da ya fara a 1967, kusan rabin yaran sun warke.

Yau a ƙasashe masu arziki kusan tara cikin goma na yara masu irin wannan sankarar jinin suna rayuwa. Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne mafi yawan magungunan da suka kai su nan an san su tun kafin 1980. Abin da ya ɗaga adadin daga rabi zuwa tara cikin goma shi ne bincike bayan bincike a kan tsofaffin magungunan nan: wanne za a fara, nawa, ranar yaushe, wane yaro ke buƙatar ƙari, wanne za a rage wa. A Jamus, Hansjörg Riehm da abokansa suka nuna amfanin sake maimaita haɗi mai ƙarfi bayan ciwo ya lafa. A Ingila da Amurka asibitoci suka haɗa kai, har ya zama yawancin yaran da aka gano suna da ciwon ana sa su cikin wani bincike. Kuma binciken ba kullum ƙara magani yake yi ba. Gasa kan yaro da hasken na'ura don kashe ƙwayoyin sankara, wanda ya ceci rayuka a zamanin Pinkel amma yana taɓa girma da kaifin ƙwaƙwalwa, bincike ne ya nuna za a iya barinsa, St. Jude ta ba da rahoton haka a 2009.

Wani zai ce duk wannan labarin Turawa ne. Ba haka ba ne, kuma nan ne abin yake yi mini ciwo. Ciwon da ya kama ɗan ƙanwata a Afirka aka fara bayyana shi. Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago na Kampala, shi ya rubuta shi a 1958, daga baya ya bi ƙasashe a mota yana tambaya, ya ga ciwon ya fi yawa a wurare masu zafi da damshi, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Daga tsokar yaran Yuganda aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda ake dangantawa da wannan ciwo, a 1964. A Ibadan, a 1963, aka raya ƙwayoyin sankarar wani yaro ɗan Najeriya, waɗanda har yau ake aiki da su a ɗakunan bincike na duniya. A Ibadan ɗin dai, Victor Anomah Ngu, likitan fiɗa ɗan Kamaru, yana cikin na farko da suka nuna cewa magani kaɗai, ba fiɗa, yana iya narkar da wannan kumburin, kuma a 1972 ya karɓi babbar lambar yabon likitanci ta Lasker tare da Burkitt da Frei da Freireich da Pinkel. A Kampala aka gwada haɗin saikulofosfamid da binkiristin da metotireksat, ukun nan da aka jera a gaban manomin. A asibitin Korle Bu na Akra, Francis Nkrumah, ɗan tsohon shugaban Gana, ya yi shekaru yana jagorantar binciken wannan ciwo. Ilimin ya tsallaka teku, likitocin Faransa suka ɗora a kai, har suka kai fiye da tara cikin goma suna warkewa. Mu da aka fara a kan 'ya'yanmu, mun tsaya kusan inda aka bar mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan 400,000 ke kamuwa da ciwon daji duk shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa a ƙasashe masu arziki, ƙasa da kashi 30 a yawancin matalautan ƙasashe.

To me zai hana mu kwafo tsarin Faransa kawai? An gwada. A Blantyre ta Malawi, Elizabeth Molyneux da Peter Hesseling sun ba yara tsarin Faransa da aka ma rage wa ƙarfi, sai suka ga maganin da kansa yana kashe yara da yawa. Tsarin an gina shi ne a kan yaro mai ƙoshi, a asibitin da ke da jini a ajiye, da maganin kashe ƙwayoyin cuta masu ƙarfi, da ɗakin gwajin da zai auna aikin ƙoda cikin awa ɗaya. Namu yaron yakan zo da tamowa, da zazzaɓi, da ƙarancin jini, bayan ya yi wata biyu tsakanin kyamis da mai maganin gargajiya saboda an ce daji ba ya son allura. Ciwon Burkitt kuwa yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Da suka ga haka ba su yi shiru ba. Suka rubuta, suka ƙirga mamatan, suka sake tsari mai sauƙi na kwana 28, da kuɗin maganinsa bai kai dala 50 ba, kusan rabin yaran suka tsira. Asibitocin mishan na Baftis a Banso da Mbingo da Mutengene a Kamaru suka ɗora a kai, suna ƙara magani gwargwadon nisan ciwo, suka kai kusan shida cikin goma. Ba su kai Faransa ba, amma sun san inda suke, sun kuma san abin da za su gyara.

Yanzu a dubi likitan yara a ɗaya daga asibitocinmu. Mutumin kirki ne, yana iyakar ƙoƙarinsa. Ya san tsarin littafi ya fi ƙarfin yaron da ke gabansa, sai ya rage da kimantawarsa. Wani magani ya yanke a gari, sai ya tsallake shi ko ya musanya. Uba bai samo kuɗi ba, zagayen da ya kamata a yi yau sai bayan sati uku. Likitan da ke wani asibitin, a wata jihar, shi ma yana nasa ragin daban. Kowane ɗaya cikin waɗannan canje-canje gwaji ne, don babu wanda ya tabbatar da sakamakonsa. Bambancinsa da bincike shi ne babu kwamitin da ya duba shi, ba a nemi yardar iyaye a kansa ba, kuma in yaro ya rasu a gida bayan wata shida babu wanda zai ji. Shekara goma ana haka, in ka tambaya cikin yara ɗari nawa suka rayu, sai a ce maka da yawa ba su dawo ba.

Na san abin da ke zuciyar mai karatu ɗan Kano, kuma ba zan kewaye shi ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano a kan yara 200, kusan rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne. Ya kuma bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a daga baya aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Kamfanin ya tsaya a kan cewa ya nemi yarda da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan rauni yana cikin abin da ya sa aka ƙi allurar shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma babu mai hankalin da zai ce wa mutanen Kano tsoronsu na banza ne. Babu uban da zai so ɗansa ya zama zakaran gwajin dafi.

Amma a dubi abin da ya ɓaci a 1996. Baƙi ne suka zo da sabon magani don amfanin kasuwarsu, suka yi 'yan makonni, suka tattara suka tafi. Binciken da nake kira a yi ya saɓa da wannan ta kowace fuska. Magungunan tsofaffi ne, waɗanda ake ba yaranmu a yanzu haka. Tambayar tamu ce: wane haɗi ne yaro mai tamowa a Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi zai iya ɗauka ya warke? Matakin farko ma ba ya buƙatar raba yara gida biyu. Abin da yake buƙata shi ne asibitocin koyarwa su yarda da tsari ɗaya rubutacce, a shigar da kowane yaro a rajista, a bi shi har gida a san yana raye ko ya rasu. Haka aka yi da ciwon dajin ƙoda na yara, wanda ake kira Wilms, tun daga 2014, tsakanin asibitoci a Malawi da Kamaru da Gana. Ba su kawo sabon magani ba. Sun daidaita tsari, sun biya wa iyaye kuɗin magani da na mota, sun ciyar da yara. Waɗanda suka gama magani babu alamar ciwo suka tashi daga kashi 52 zuwa 68 cikin ɗari, masu gudu a tsakiya kuma suka ragu da kusan rabi. Da manomin nan yana cikin irin wannan tsari, da akwai wanda aikinsa ne ya kira shi a waya ranar da bai zo ba.

In an kai matakin kwatanta haɗi biyu, ana raba yara da ƙuri'a, kuma wannan ne mutane suka fi ƙyama: ta yaya za a jefa ƙuri'a a kan ran ɗana? Sharaɗin shi ne ba a yin ta sai likitoci da gaske ba su da hujjar fifita ɗaya a kan ɗaya, kuma babu yaron da ake bari ba magani. Mu ma a shari'a mun san ƙuri'a a inda haƙƙi ya yi daidai, don kada son zuciya ya shiga. In likita ne zai zaɓa, zai ba yara masu ƙarfi sabon haɗin ba tare da ya lura ba, sakamakon ya fito da ƙarya. Akwai kuma kwamiti na daban da ke leƙa alƙaluma a tsakiya, ya tsayar da aikin da zarar ɓangare ɗaya ya fara cutuwa.

Ina da sharuɗɗa, kuma ba zan goyi bayan binciken da ya rasa su ba. A yi wa uwa da uba bayani da Hausa, a zaune, da baki, gaban shaida, a ba su kwana su yi shawara, a kuma faɗa musu ƙarara cewa in sun ƙi, ɗansu zai sami magani kamar kowa. Najeriya tana da dokokin ɗa'ar binciken lafiya tun 2007. Ya kamata kwamitocin asibitoci su ƙunshi malamin addini da uwar da ta taɓa jinyar irin wannan yaro, ba likitoci zalla ba. Sakamako, mai daɗi ko marar daɗi, a faɗe shi a rediyo da harshen da iyayen suke ji. Sai kuma ingancin maganin kansa: wani bincike da aka buga a 2025 a kan magungunan ciwon daji daga Kamaru da Habasha da Kenya da Malawi ya sami kusan ɗaya cikin shida ba su da adadin sinadarin da aka rubuta a jikinsu. Haɗi huɗu da ɗaya a ciki gurɓatacce ne ya koma haɗi uku, ba likita ya sani ba, ba uba ya sani ba.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin kashi 60 cikin ɗari na yara masu ciwon daji su riƙa rayuwa kafin 2030. Gana ta sa ciwon dajin yara guda huɗu, har da Burkitt da sankarar jini, cikin inshorar lafiyarta ta ƙasa. Jihar da ke iya gina gadar sama tana iya biyan magani da kuɗin mota da albashin ma'aikaci ɗaya mai riƙe rajista a kowane asibitin koyarwa, masu zakka da waƙafi ma suna iya ɗaukar wani kaso.

Ɗan ƙanwata ya gama zagayensa shida. Sau biyu aka jinkirta, sau ɗaya aka ba shi ba binkiristin don mun neme shi a gari mun rasa. Gashinsa ya zube ya sake fitowa, haƙoransa suka koma suka zauna. Yanzu yana sakandare. Ko jinkirin nan da tsallaken nan sun yi illa ko ba su yi ba, amsa ce da za ta amfani yaron da ke kwance a wancan gadon yau, kuma amsar tana gidanmu tana zuwa makaranta kowace safiya. Lambar wayata tana cikin fayil ɗinsa, ban canza ta ba, har yau ba a kira an tambaya ko yana raye ba.